Ciwon Suga da Abokan Tafiyarsa Idan Numfashi Ya Sarƙe

Jawabin da Kwamitin Walwala ya gabatar ranar 14 ga Nuwamba, a taron da ya haɗa malaman makarantun da ke maƙwabtaka da rukunin masana'antu na Sharaɗa, Challawa da Bompai.



Muna godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Yau ce ranar da duniya ta keɓe domin ciwon suga, kuma an zaɓe ta ne saboda ita ce ranar haihuwar Frederick Banting, likitan ƙasar Kanada da ya yi jagaba wajen gano sinadarin insulin a birnin Toronto a shekarar 1921. A wurinmu nan Kano, ranar tana zuwa ne a daidai ƙofar hunturu, lokacin da tari da mura da ciwon ƙirji ke zagaya ajujuwanmu. Saboda haka kwamiti ya ga ya dace mu tsaya a kan tambaya ɗaya: idan cutar numfashi mai tsanani ta kama masu ciwon suga guda biyu, me ya sa ɗaya yake tashi, ɗaya kuma a kai shi makwanci? Mu ba likitoci ba ne. Malamai ne da suka gaji da zuwa ta'aziyya, suka zauna da ma'aikatan lafiya, suka yi karatu, suka zo su ba 'yan'uwansu abin da suka samo.

Bari mu fara da abin da babu wanda ya manta da shi a cikin wannan ɗaki. A ranar 11 ga Afrilu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Kano. Makarantu suna rufe tun watan Maris. Kafin watan Afrilu ya ƙare, ga zafin bazara ga azumi ya kama, masu haƙar kabari suka fara cewa aikin ya fi ƙarfinsu. Kowace safiya sai a ji sanarwar rasuwar wani dattijo: malamin jami'a, tsohon ma'aikaci, ɗan kasuwa, limamin unguwa. Da farko gwamnatin jiha ta danganta mace-macen da hawan jini, ciwon suga, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Ranar 27 ga Afrilu Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin kulle Kano na mako biyu, aka kuma turo tawagar bincike ƙarƙashin Dakta Nasiru Sani Gwarzo. A watan Yuni, Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon: an ƙidaya mamata 979 a ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 nasu ana kyautata zaton korona ce ta yi sanadi ko ta tayar da wata cuta da suke ɗauke da ita, mafi yawansu sun haura shekara 65, kuma fiye da rabinsu a gida suka cika.

A lokacin mutane sun rabu gida biyu, wasu na cewa korona ce, wasu na cewa suga ne da hawan jini. Da muka nutsu muka duba, sai muka ga maganganun biyu ba sa karo da juna. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cutar numfashi ita ce ƙadangaren, tsofaffin cututtukan da ke jikin mutum su ne tsagar.

Mun ga haka da idonmu a kan abokan aikinmu guda biyu, waɗanda ba za mu ambaci sunansu ba. Dukansu sun haura hamsin, dukansu sun fi shekara goma da ciwon suga, kuma a hunturu ɗaya ciwon ƙirji ya kwantar da su. Na farko yana zuwa asibiti a kan kari, jininsa bai hau ba, ƙodarsa lafiya lau. Ya yi kwanaki a gadon asibiti ana ƙara masa iska, ya tashi, yau ma yana riƙe da alli. Na biyu yana da hawan jini da ya daina sha wa magani saboda, in ji shi, ba ya jin komai. Ƙafafunsa sun daɗe suna kumbura, yana cewa tsayuwar aji ce. Da tarin ya zo, sai ya yi mako guda yana sayen maganin ciwon jiki da na tari a kemis, yana zuwa makaranta domin kada ɗalibansa na ajin ƙarshe su rasa darasi. Ranar da aka kai shi asibiti, likita ya ce ƙodarsa ta daɗe da raunana, ciwon ƙirjin ya ƙarasa ta. Bai kwana uku ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Mun yarda kowa da ranarsa, amma mun kuma yarda an umarce mu da neman magani, kuma mu da muke zaune da shi a ofishin malamai mun ga kumburin ƙafar nan, babu wanda ya ce masa uffan.

Abin da muka gani a kan mutum biyu, masana sun gan shi a kan dubbai. A watan Fabrairun 2020, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar Sin ta fitar da bayani a kan mutum 44,672 da aka tabbatar sun kamu da korona. Cikin waɗanda ba su da wata cuta a jiki, ƙasa da mutum 1 cikin 100 ne ya rasu. Cikin masu ciwon suga, sama da 7 cikin 100. Cikin masu ciwon zuciya, sama da 10. A Ingila, daga farkon Maris zuwa 11 ga Mayu na 2020, mutum 23,698 suka rasu da korona a asibitoci, kuma kashi ɗaya cikin uku nasu masu ciwon suga ne. Da aka koma aka duba masu sugan su kaɗai, sai aka ga waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu yawan shekaru, masu raunin ƙoda, masu gazawar zuciya, waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda sugansu ya daɗe yana sama. A Faransa aka bi masu ciwon suga 1,317 da aka kwantar a asibitoci 53. Cikin mako guda ɗaya cikin goma ya rasu, kuma mutuwar ta fi faɗa wa tsofaffi da waɗanda sugan ya riga ya ɓata musu jijiyoyin jini na ido, ƙoda, zuciya ko ƙafa.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne. A Legas an bincika majinyata 2,184, aka ga mai ɗauke da cututtuka biyu ko fiye haɗarin mutuwarsa ya kai kimanin ninki huɗu na wanda ba shi da ko ɗaya, mai ciwon ƙoda kuwa nasa ya haura ninki goma. Wani binciken da aka yi a asibitoci 64 na ƙasashen Afirka goma, har da Najeriya, ya bi mutum 3,140 da cutar ta kai su ga buƙatar kulawa ta musamman. Kusan rabinsu sun rasu cikin kwana 30. Daga cikin abubuwan da suka ƙara haɗarin akwai ciwon suga, ciwon ƙoda, ciwon hanta, cuta mai karya garkuwar jiki, da jinkirin samun gado saboda ƙarancin kayan aiki. A watan Nuwamba na 2021, ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Afirka ya ce a ƙasashe 13 da ya duba, korona ta kashe kimanin 10 cikin 100 na masu ciwon suga da ta kama, alhali a sauran jama'a gaba ɗaya adadin bai wuce biyu da rabi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona tun watan Mayun 2023, amma darasin bai tafi da ita ba. Namoniya tana nan, mura mai tsanani tana nan, tarin fuka yana nan, kuma duk ta tsaga ɗaya suke shiga.

Yanzu sai mu duba yadda abin yake faruwa a cikin jiki, kamar yadda za mu yi wa ɗalibi bayani. Suga idan ya yi yawa a jini, yana sanyaya wa dakarun jini masu yaƙi da ƙwayoyin cuta gwiwa. Cuta kuma idan ta shigo, jiki yana fitar da sinadaran da ke ƙara ɗaga sugan, ko da majinyaci ba ya cin abinci. Sugan da ya hau yana jawo yawan fitsari, ga zazzaɓi yana ƙafar da ruwan jiki, sai jini ya yi kauri, ya fi saurin daskarewa a cikin jijiyoyi. A wannan hali kowace gaɓa sai ta yi aikin da ya ninka na kullum. Wadda take da sauran ƙarfi a ajiye za ta jure. Wadda wata cuta ta riga ta cinye mata ajiyarta ita ce ke fara sarewa, ta ja sauran.

Ta farko ita ce ƙoda, kuma ita ce ta fi yaudara, domin tana iya rasa fiye da rabin ƙarfinta mutum bai ji ciwo ba. Suga da hawan jini su ne manyan masu lalata ta. Idan ciwon ƙirji ya zo, ruwa ya ƙafe, jini ya ragu zuwa gare ta, sai ta tsaya cak. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda muke saye kamar alewa, suna ƙara taƙaita jinin da ke isa gare ta. Kowa a nan ya san abin da wankin ƙoda yake yi wa albashin malami.

Ta biyu ita ce zuciya. Hawan jini na shekaru yana kaurara ta, suga yana toshe hanyoyin da ke ciyar da ita. Idan huhu ya kasa ba da isasshiyar iska, dole ta ƙara gudu da ƙarancin abinci. Idan ta gaza, ruwa ya taru a huhun da dama yake fama da kansa. Mai ciwon suga kuma yana iya samun bugun zuciya ba tare da zafin ƙirjin da aka saba ji ba, sai dai gumi, kasala da haki.

Ta uku ita ce ƙiba, musamman teɓa. A al'adarmu idan malami ya yi tumbi sai a ce hutu ya zauna. Amma kitsen ciki yana danne huhu daga ƙasa, ya hana shi buɗewa sosai, musamman idan mutum ya kwanta rigingine. Binciken Faransa da muka ambata ya nuna ƙiba na cikin abubuwan da suka fi kai majinyaci ga na'urar numfashi. Mai munshari mai ƙarfi, wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, shi ma ya gaya wa likita.

Ta huɗu ita ce shanyewar ɓarin jiki. Wanda ta taɓa sama, sau da yawa haɗiyarsa da tarinsa sun raunana, abinci ko yawu na iya zarcewa huhu ya haifar da namoniya. Masu jinyar iyaye a gida su riƙa zaunar da su sosai kafin ba su abinci.

Ta biyar ita ce tsohuwar cutar huhu: asma, huhun mai shan taba, da tarin fuka. Ciwon suga yana ninka yiwuwar kamuwa da tarin fuka sau biyu zuwa uku, yana kuma wahalar da warkewarsa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu wannan tari, mu kuma muna yini a aji mai ɗalibai tamanin ko ɗari, tagogi a rufe saboda sanyi. Gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, har da Asibitin Zana, kuma maganin na wata shida ne ba a yankewa.

A kan waɗannan duka sai mu ɗora iskar da muke shaƙa. Wanda yake koyarwa a Ja'en ko Sabuwar Gandu, ko Panshekara da Zawaciki, ko Dakata da Tudun Murtala, ba sai an ba shi labari ba. Ga warin kamfanonin jima, inda ake cire gashin fata da farar ƙasa da wasu sinadarai masu fitar da iska mai yaji. Ga hayaƙin manyan janaretocin dizal, ga na tireloli, ga na robobi da shara da ake ƙonawa a bayan katanga. Dagwalon Bompai yana bi ta rafin Getsi ya faɗa Jakara, na Sharaɗa yana bi ta Salanta ya nufi kogin Challawa, duka ta cikin unguwannin da ɗalibanmu suke kwana. Sai hunturu ya kawo tasa ƙurar tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ƙananan ɓurɓushin hayaƙi da ƙura suna shiga can cikin huhu, suna tayar da asma, suna ƙara wa zuciya nauyi. Ba muna neman a rufe masana'antu ba ne. Iyayen ɗalibanmu a can suke samun abinci, kuma mun ga talaucin da rufe masaƙu ya jawo wa garin nan. Muna cewa ne malamin da ke aiki a wannan yanki da suga a jininsa, ba shi da sararin sakaci irin na wani.

Akwai kuma shekaru. Dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga lokacin ritayar malamai zuwa shekara 65 na haihuwa ko 40 na aiki. Ƙungiyarmu ta yi fafutukar samun wannan doka, amma duk inda ta fara aiki, ma'anarta ita ce za a samu ƙarin malamai a aji a daidai shekarun da waɗannan cututtuka suka fi taruwa a jiki ɗaya.

To, mene ne abin yi? Na farko, kowa ya san matsayinsa. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su sani ba. Idan gwajin safe kafin karin kumallo ya kai 7.0, ko 126 a ɗaya ma'aunin, sai a je a tabbatar a asibiti. Idan awon jini yana kaiwa 140 bisa 90 a kai a kai, hawan jini ne, ko da kai ba ya ciwo. Wanda ya riga ya san yana da suga, kada ya tsaya a gwajin yatsa kaɗai. Aƙalla sau ɗaya a shekara ya nemi a duba masa ƙoda ta jini da fitsari, a duba ido da ƙafa, a kuma yi masa gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance cikin wata uku da suka wuce.

Na biyu, idan tari da zazzaɓi suka zo, mai ciwon suga ba ya jira ya gani. Ya riƙa gwada sugansa duk bayan awa uku ko huɗu, ya yawaita shan ruwa, kada ya daina allurar insulin don kawai ba ya cin abinci. Mai shan metformin da ya fara amai, gudawa ko haki ya tuntuɓi likita a ranar, domin akwai halin da ake dakatar da ita na ɗan lokaci. A guji maganin tari mai zaƙi. A guji dexamethasone, wadda wasu ke kira sha-ka-fashe. Gaskiya ne gwajin da aka yi a Birtaniya a 2020 ya nuna tana rage mutuwa ga masu korona da ake ƙara wa iska a asibiti, amma bai nuna amfaninta ga wanda bai kai wannan hali ba, kuma tana ɗaga suga sama ƙwarai. A Indiya a 2021, haɗuwar suga da irin wannan magani ta taimaka wajen yaɗuwar wata cutar fumfuna da ta ci idanu da rayukan dubban mutane.

Na uku, mu san alamomin da ba a kwana da su a gida: haki ana zaune, numfashi sau 30 ko fiye a minti ɗaya, kasa ƙarasa jimla ba tare da tsayawa ba, ruɗewa ko yawan barci, ƙarancin fitsari, amai da ya ƙi tsayawa, ko sugan da ya ƙi sauka. Ƙaramar na'urar da ake maƙala wa yatsa idan ta nuna ƙasa da 94 a nemi likita, idan ta sauka ƙasa da 90 a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Tarin da ya kai mako biyu a kai majina gwaji. Kuma kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe.

Mun san abin da ke ran da yawa daga cikinmu: da wane kuɗi? Tun daga 2023, da darajar naira ta faɗi, wasu manyan kamfanonin magani na waje suka janye daga sayar da kayansu kai tsaye a ƙasar nan, farashin insulin da tsinken gwaji ya yi tashin gwauron zabo. Mun san malaman da ke raba ƙwaya biyu domin ta kai ƙarshen wata. Wannan shi ya sa maganar ta zama ta ƙungiya. Kwamiti yana kawo shawarwari huɗu gaban wannan taro. Ɗaya, kowane mamba ya tabbatar rajistarsa da ta iyalinsa a hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, ta kammala, tunda ana cire masa kuɗinta, kuma wanda ya sami tangarɗa ya kawo wa reshe a rubuce. Biyu, a sayi na'urar awon jini, ta gwajin suga da ta yatsa daga asusun walwala, a ajiye wa kowane rukunin makarantu. Uku, mu roƙi shugabannin makarantu su saki malami ranar ganin likitansa ba tare da gori ba, kuma mai zazzaɓi da tari ya zauna a gida, mu raba darussansa a tsakaninmu. Huɗu, a buɗe rajistar masu ciwon suga da hawan jini, domin a san wanda za a fara nema idan bai zo aiki ba.

A kan ta huɗun nan mun yi saɓani a cikin kwamiti, kuma ba za mu ɓoye muku ba. Wasunmu suna tsoron kada takardar ta faɗa hannun da za a yi amfani da ita wajen hana wani ƙarin girma ko yi masa canjin wurin aiki. Tsoron yana da tushe. Abin da muka tsayar shi ne shiga rajistar ganin dama ne, mutum biyu kaɗai za su riƙe ta, namiji ɗaya mace ɗaya da ku za ku zaɓa, kuma ba za ta je kowane ofis ba. Idan taro bai gamsu ba, a bar ta, a ɗauki sauran ukun.

Abin da ba ya buƙatar ƙuri'a shi ne wanda muka kasa yi wa ɗan'uwanmu da ya rasu. Idan ka ga ƙafar abokin aikinka ta kumbura, ko kin ga abokiyar aikinki tana haki daga hawa matakala biyu, a ja shi gefe, a ja ta gefe, a yi magana. Zai yiwu a ji haushi na yini ɗaya, wannan ya fi zaman makoki na kwana uku sauƙi. Ma'aikatan lafiya da muka gayyato suna baranda da kayan awo, kuma 'yan kwamiti ne za su fara miƙa hannu. Muna roƙon kada kowa ya fita ƙofa bai tsaya wurinsu ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kai mu ƙarshen hunturu lafiya.